Ina filogin taraktarmu? Amsa ga wani ɗalibi daga Malumfashi

A makon jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da bayani a kan takin zamani, to amma wata wasiƙa ta iso mini wadda ba za ta iya jira ba, domin damina ba ta jiran kowa. Ga abin da mai wasiƙar ya ce:

"Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a aji biyu na babbar sakandare, garinmu yana kusa da Malumfashi. Bara Babanmu da ƙannensa biyu suka haɗa kuɗi suka sayi tsohuwar tarakta mai silinda uku. Da ita muke gyara gonakinmu, kuma muna yi wa mutane haro su biya mu. Tun da aka yi ruwan farko ta fara wahalar tashi da safe. In ta tashi sai ta riƙa karkarwa, tana fitar da farin hayaƙi, ana jin wani ƙwas-ƙwas a cikin injin, in an sa mata haro kuma ba ta da ƙarfi kamar da. Wani maƙwabcinmu mai gyaran babur ya ce filogi ne, a kwance shi a wanke. Ni da yayana mun duba ko'ina ba mu ga filogi ba. Wani bakanike kuma ko tayar da ita bai yi ba ya ce sai an sauke inji, kuɗin da ya faɗa kuwa sai an sayar da masarar da ta rage a rumbu. Ga shi Baba ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga hannun mutum shida. Kawu, ina filogin yake? Kuma me za mu yi?"

Ɗana, na gode da wannan wasiƙa, Allah Ya yi maka albarka. Matambayi ba ya ɓata. Amsar tambayarka ta farko gajeriya ce: kai da yayanka ba ku ga filogi ba ne saboda babu shi. Taraktarku mai shan gas ce, wato dizal, injin gas kuwa ba ya amfani da filogi. Maƙwabcinku bai yi ƙarya da gangan ba. Alamomin da ka lissafa, da a jikin babur aka gan su, filogi za a fara zargi. Ya auna tarakta ne da mudun babur.

Tarakta mai filogi da marar filogi

Ba wai ba a taɓa yin tarakta mai filogi ba. Ƙaramar taraktar nan mai ruwan toka ta Ferguson, wadda aka ƙera a birnin Coventry na Ingila daga 1946 zuwa 1956, da fetur ta fara, kuma filogi huɗu gare ta. Daga baya aka fito da mai gas, manoman duniya kuma suka raja'a a kanta, saboda injin gas ya fi ƙarfin ja, ya fi tattalin mai, ya fi jure wahala.

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta daɗe da sanin noman kasuwa, musamman auduga, tun zamanin da layin dogo ya ratsa Funtuwa daga Zariya ya nufi Ƙauran Namoda. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Tun daga wannan zamani masara da takin zamani da tarakta suka ƙara zama 'yan gida a yankin. A lokacin kuwa gas ya riga ya ci kasuwa. Saboda haka kusan duk wata tarakta da za ku gani yau a Bakori ko Danja ko Kafur ko Dandume, ko Massey Ferguson ce, ko Steyr irin wadda aka taɓa haɗawa a Bauchi, ko Fiat irin ta Kano, mai gas ce.

Bugu huɗu

Domin ku gane dalili, sai mun leƙa cikin inji. A cikin kowace silinda akwai fistin da ke hawa da sauka kamar taɓarya a turmi. A saman silinda akwai bawul biyu, ɗaya na shigar iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Aikin yana tafiya ne a bugu huɗu. Fistin ya sauka, ya zuƙo iska. Ya hau, ya matse ta. Mai ya kama da wuta, ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi ta salansa. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera injin da ya yi aiki sosai a kan wannan tsari a 1876.

Bambancin fetur da gas yana wajen kunna wutar. A injin fetur ana gauraya mai da iska tun kafin su shiga, a matse su matsakaicin matsi, sannan filogi ya ƙyasta musu wuta. A injin gas kuwa iska tsantsa ake zuƙowa, a matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska ya san gindin famfo yana ɗaukar zafi. Iskar da aka matse zafi take yi. A cikin silindar tarakta zafin yana haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, alhali gas yana iya kamawa da kansa tun a wajen digiri 250. Daidai wannan lokaci sai nozul ya feso man kamar hazo, nan take ya kama. Wani Bajamushen ne kuma, Rudolf Diesel, ya nuna injin da ke aiki haka a 1897, sunansa ne ma ya zama sunan man.

Saboda haka waɗannan ƙarafa uku da kuka gani a saman injin, kowanne da siririn bututun ƙarfe, su ne nozul, a gurbin filogi suke zaune. Akwai kuma wani ɗan abu da ake kira hita. Wasu injuna suna da shi a kan kowace silinda, wasu kuma guda ɗaya ne a hanyar shigar iska. Ya yi kama da filogi a ido, amma ba ya ƙyasta wuta. Ɗumama iska kawai yake yi domin inji ya tashi da sauƙi, musamman a sanyin hunturu irin na Funtuwa.

Inda filogi yake a gonarku

Kada ku ce darasin filogi bai shafi manomi ba. Ƙaramin injin ban ruwa da ake kai wa fadama, da janareta, da babur, da injin feshi mai goyo wanda ke shan fetur, duk da filogi suke aiki. Ya kamata kowane ɗalibi ya iya duba shi.

Filogi yana da tsinken ƙarfe a tsakiya, wanda aka lulluɓe da farin tangaran domin kada wuta ta zurare, sai wani lanƙwasasshen ƙarfe a bakinsa. Tsakanin su biyu akwai 'yar rata, a ƙananan injuna da yawa milimita 0.7 zuwa 0.8. Wannan rata wutar ke tsallakewa. Batir bai wuce bolt 12 ba, amma kwayil yana ɗaga ƙarfin wutar ya haura bolt 10,000, ta hanyar dokar nan ta maganaɗisu da waya da Michael Faraday ya gano a 1831, wadda kuke karantawa a darasin fiziks. Injin da ake ja da igiya ma ba ya bukatar batir, maganaɗisun da ke jikin faifan injin ne ke samar da wutar yayin da yake juyawa.

In inji ya huce aka kwance filogi, launin bakinsa yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki:

Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, a bushe: lafiya ƙalau.

Baƙi ƙirin a bushe, kamar gindin tukunya: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A duba matatar iska, a duba ko an manta cok a rufe, a duba kafireta.

Baƙi mai maiƙo: baƙin mai yana haurowa cikin silinda, alamar ringi ya cinye, ko an cika baƙin mai fiye da kima.

A jiƙe yana warin fetur: mai yana zuwa amma wuta ba ta kamawa.

Fari fat, ko bakin ya fara narkewa: inji yana zafi fiye da kima, ko mai ya yi kaɗan, ko filogin ba nasa ba ne.

Darasin da ke nan shi ne, sau da yawa filogi ɗan aike ne kawai. In ka wanke shi ka mayar, bayan kwana biyu ya sake yin baƙi, laifin yana wani wuri. Kuma ku lura da wannan: filogi yana iya ba da wuta a waje amma ya kasa a ciki, domin iskar da aka matse ta fi wuyar ratsawa. Shi ya sa masu noman rani masu dabara ba sa rabuwa da sabon filogi guda a aljihu. In an sa sabo inji ya tashi, an gama gardama.

Kasa kunne

Yanzu mu koma kan ƙarar. Ruwa ba ya tsami banza, inji ma ba ya sauya murya banza. Gwanin bakanike yakan yi wa ƙara tambaya huɗu. Daga ina take fitowa, sama ko ƙasa, gaba ko baya? Siririya ce ko mai kauri? Tana bin saurin inji ko ba ruwanta da shi? Yaushe ta fi tashi, da sanyin safiya, ko in inji ya yi zafi, ko in an ɗora masa aiki?

Za ku ga yana ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya kara mariƙin a kunnensa. Ba tsafi ba ne, kimiyya ce. Sauti yana tafiyar mita 340 a daƙiƙa guda a cikin iska, amma a cikin ƙarfe yana yin wajen mita 5,000, kuma ƙarfen yana kawo ƙarar wurin da aka taɓa kai tsaye, ba tare da hayaniyar sauran sassa ba. Irin wannan dabarar ce wani likita a Faransa, René Laennec, ya yi a 1816, ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin marar lafiya, daga nan aka samo abin da likitoci ke ratayawa a wuya.

Ga muryoyin da aka fi ji:

Tik-tik-tik siririya daga saman inji, kamar keken ɗinki. Yawanci tafet ne, wato ratar da ke kan bawul ta buɗe fiye da kima. Akwai lissafi a nan. Karanshaf yana juyawa sau biyu kafin kowane bawul ya buɗe sau ɗaya. In inji yana sulo a kan juyi 600 a minti, karanshaf yana juyi 10 a daƙiƙa, kowane bawul kuma yana buɗewa sau 5. Saboda haka ƙarar bawul guda a rabin saurin inji take tafiya. Gyaranta saiti ne da sufana da ma'aunin rata, ba ya cin kuɗi da yawa.

Ƙwas-ƙwas mai kaifi, tare da hayaƙi da karkarwa. Sau da yawa nozul ne. Maimakon ya fesa mai kamar hazo, sai ya riƙa ɗigo ko tsartuwa, man ya taru ya kama a makare gaba ɗaya. Gurɓataccen mai, ko iska a bututun mai, ko saitin famfon gas da ya goce, duk suna kawo irin wannan.

Ƙiii mai tsini daga gaba, musamman in an taka wuta. Fanbel ne ya saki ko ya tsufa. Kada a raina shi, domin shi ke juya fanka da famfon ruwa.

Gurnani kamar niƙa daga gaba. Boris ɗin famfon ruwa ko na abin cajin batir.

Fuf-fuf ko huci. Iska ko hayaƙi na tserewa ta gasket, ko ta 'yar washar tagulla da ke ƙarƙashin nozul.

Ƙarar da ke sauyawa in an taka kuloci. Wannan ba ta cikin inji ba ce, a nemi laifin a kuloci ko giya.

Dum-dum mai kauri daga ƙasan inji, kamar ana dukan turmi da guduma, tana ƙaruwa in an ɗora aiki, fitilar baƙin mai kuma tana kamawa. Wannan ita ce muguwar. Metal ne ya cinye. A kashe inji nan take, ko da a tsakiyar kunya ake.

Wannan ta ƙarshe na ji ta da kunnena. Ina ɗan aji uku, wani kawuna yana da tarakta a wani ƙauye da ke wajen Bakori. Ranar nan muna gona direban ya ji dum-dum ɗin, ni ma na ji. Fitilar baƙin mai ta daɗe da mutuwa, ba wanda ya kula ya canza ta. Saura 'yan layuka a gama gonar, ga hadari ya haɗo daga gabas. Direba ya ce bari mu ƙarasa tukuna. Bai kai ƙarshen layi na biyu ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Sandar fistin ta karye ta fasa cikin injin, baƙin mai ya malale a ƙasa. Taraktar nan a gindin wata ɗorawa ta yi damina. Kawu ya koma neman masu garmar shanu, su kuma kowa ya riga ya kama su. Sai da aka yi kusan mako uku kafin ya yi shuka, masarar shekarar kuwa ba ta yi abin kirki ba. Da an kashe injin a lokacin da ya fara kuka, da canjin metal da gyaran karanshaf kaɗai za a yi. Har yau in na ji wannan sauti sai gabana ya faɗi.

Hayaƙi ma magana yake

Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iska yawa. A fara duba matatar iska, sannan a duba ko an ɗora wa tarakta aikin da ya fi ƙarfinta. Shuɗin hayaƙi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa. Farin hayaƙi kuwa iri biyu ne. In yana warin gas, yana sa ido yaji, to mai ne da bai ƙone ba. In kuma tururi ne da ke ɓacewa da sauri, ruwan lagireto yana raguwa kullum, to ruwa ne ke shiga silinda. Ɗan farin hayaƙi na minti ɗaya ko biyu da sanyin safiya ba abin damuwa ba ne a tsohon inji. Wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne abin bincike.

Mu koma Malumfashi

Ɗana, likita ba ya rubuta magani ta wasiƙa, ni ma ba zan yanke hukunci a kan injin da ban ji kukansa ba. Amma alamominka huɗu, wato wahalar tashi da karkarwa da farin hayaƙi da rashin ƙarfi, duk suna nuni ga abu guda: akwai silindar da ba ta ƙona manta yadda ya kamata. A inji mai silinda uku, in ɗaya ta yi barci, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi, sauran biyun kuma suna jan ta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne cewa da ka yi "tun da aka yi ruwan farko." Ina durom ɗin manku yake kwana? Murfin tankin yana rufuwa da kyau? Ruwa babban abokin gabar nozul ne da famfon gas.

Ga yadda za ku bi abin, daga mai araha zuwa mai tsada. Biyar na farko kai da yayanka za ku iya, da izinin Baba, inji a kashe, a huce, makulli a aljihu.

Na ɗaya, ku zaro sandar awon baƙin mai. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin gas, to gas ne ke zurarewa ciki. In kun murza a yatsa kun ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, kada a sake tayar da ita sai bakanike ya zo.

Na biyu, ku duba ruwan lagireto, ku lura ko yana raguwa daga yau zuwa gobe.

Na uku, ku tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki ko ƙasan filta a cikin kwalba mai tsabta, ku ajiye ta ta natsu. Ruwa ya fi gas nauyi. Lita guda ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gas kuwa wajen giram 840, saboda haka ruwan zai kwanta a ƙasa, za ku ga layin da ya raba su. In kun gani, sai an tsiyaye tankin, a canza filta, a fitar da iska daga bututu.

Na huɗu, ku duba matatar iska. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da wani kwano mai baƙin mai a ƙasan matatar, wanda ke kama ƙura. Bayan ƙurar rani za ku iya tarar da shi ya zama taɓo. A wanke, a zuba sabon mai daidai layinsa.

Na biyar, ku duba kan batir ko ya yi tsatsa ko ya saki, ku duba wayar hita. Injin gas yana bukatar a juya shi da sauri kafin iska ta yi zafin da zai kunna mai.

Daga nan sai bakanike. Gwajin da zai yi mai sauƙi ne. Inji yana sulo, zai ɗan sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Silindar da ke aiki, da an hana ta mai inji zai ƙara karkarwa. Wadda aka hana mai amma muryar inji ba ta sauya ba, ita ce mai barcin. Sai ya musanya nozul ɗinta da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi nozul, an kama ɓarawo, sai a kai shi wurin masu injin gwada nozul a Funtuwa ko Zariya ko Kano. In ciwon ya tsaya a silindar, sai a duba tafet, a auna matsin iska. Sai matsin ya nuna ya faɗi sannan ake zancen buɗe inji. Kun ga wannan ita ce ƙa'idar da ake koya muku a ɗakin gwaje-gwaje: a canza abu ɗaya a lokaci guda, a ga abin da ya biyo baya.

Mai yiwuwa a ƙarshe maganar bakaniken nan ta tabbata, domin tsohon inji yakan gaji. Amma kafin a taɓa masarar rumbu, Baba yana da haƙƙin ya tambaye shi cikin mutunci: me ka gani, me ka gwada, me ya sa ka ce ba mai ba ne, ba nozul ba ne? Bakaniken kirki ba ya jin haushin irin wannan tambaya. Kai kuma kada ka je gaban Baba da baƙin "na fi ku sani." Ka samu lokacin da ya natsu, ka karanta masa wannan shafi, ka nuna masa kwalbar. Gani ya kori ji. Mutum shidan nan kuma gara a sanar da su halin da ake ciki tun yau, wanda zai jira ya jira, wanda ba zai iya ba a mayar masa da kuɗinsa ya nemi wata. Amana ta fi kuɗin haro tsada.

Gargaɗi

Wannan sashe ku karanta shi sau biyu. Kada ku kusanci inji mai aiki da babbar riga ko gyale ko hannun riga mai lilo. Sandar da ke juyawa a bayan tarakta tana juyi 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa guda. Kafin mutum ya yi ihu ta naɗe shi. Kada ku sa hannu a inda gas ke fesowa, domin ƙarfin feshin nozul ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 50, yana huda fata ya shiga nama. In hakan ta faru, asibiti za a nufa nan take, ko da ƙofar ciwon ba ta fi bakin allura ba. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Kada a tayar da tarakta ana tsaye a ƙasa, sai an hau kujera an tabbatar giya tana furi. Kada a bar inji ko janareta yana aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba a gani, ba a jin warinta. In za a gwada wutar filogi, a nisanta shi daga fetur, kuma a yi a gaban babba.

Aikin gida

Na farko, duk wanda gidansu ke da tarakta ko injin ban ruwa ko janareta, ya ware littafin rubutu guda domin injin. A rubuta ranar da aka canza baƙin mai da filta, da awannin da ya yi yana aiki, da inda aka sayi mai, da ranar da aka fara jin wata baƙuwar ƙara. Wannan littafi zai taimaki bakanike fiye da dogon surutu.

Na biyu, lissafi. Tarakta mai silinda uku, mai bugu huɗu, tana aiki a kan juyi 1,500 a minti. Sau nawa mai ke kamawa da wuta a cikin injin gaba ɗaya a minti guda? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka yi lissafin, da sunan makarantarku. Za mu buga sunayen waɗanda suka fara dacewa.

Kai kuma ɗana na Malumfashi, ina jiran wasiƙarka ta biyu. Ka faɗa mini abin da kuka gani a kwalbar, da silindar da aka kama tana barci. Ka gaida Baba da baffanninka. Allah Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.